Darasi: Guringuntsin gwiwa da yadda ake renonsa a ɗakin gwaji

Kafin a fara karatu

Mai koyarwa ya nemi gaɓar ƙafar rago ko ta akuya a wurin mahauta, ɗanya, wadda ba a farfasa ba, ya zo da ita aji. A yanke jijiyoyin, a buɗe gaɓar, kowa ya shafa kan ƙashin da yatsa. Abin nan mai sheƙi da santsi da ya lulluɓe kan ƙashin shi ne guringuntsi. A danna shi da farce a ga yadda yake ɗan lotsawa ya dawo. Sannan a fere shi da wuƙa har a kai ga ƙashi, a dubi launinsu: ƙashin ja-ja ne saboda jinin da ke cikinsa, guringuntsi kuwa fari fat. In an gama, kowa ya wanke hannu da sabulu.

Abin da ke cikin gwiwa

Gwiwa mahaɗar ƙasusuwa uku ce: ƙashin cinya daga sama, ƙashin ƙwauri daga ƙasa, sai ƙoƙon gwiwa a gaba. Duk inda biyu daga cikinsu ke gogar juna, guringuntsi ne a tsakani. Kaurinsa milimita 2 zuwa 4 ne a yawancin wurare, sai a bayan ƙoƙon gwiwa ne yake fin haka. Wannan ɗan siririn abu shi ke ɗaukar ninki biyu zuwa uku na nauyin mutum a kowane taku, idan tafiya ce kawai a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. In an tsuguna tatsar nono, ko an miƙe da jarkar ruwa mai lita 25 a ka, ko an diro daga kan raƙumi, nauyin ya zarce haka nesa ba kusa ba.

Kashi 65 zuwa 80 cikin 100 na guringuntsi ruwa ne. Sauran kuwa zare ne na wani sinadari da ake kira kolajin, saƙe da juna, tare da wasu sinadarai masu jan ruwa su riƙe shi a cikin saƙar. Masu yin saƙar su ne ƙwayoyin halitta, ƙananan abubuwa masu rai da ido ba ya gani sai da madubin likita, waɗanda da irinsu aka gina jikin mutum kaf. A hanta da fata cunkushe suke. A guringuntsi kaɗan ne ƙwarai, ba su wuce kashi 5 cikin 100 na girmansa ba, kuma kowace a kulle take cikin ɗan gurbinta, ba ta iya tashi ta je inda aka ji rauni.

Farin nan da muka gani yana nufin babu jijiyar jini ko ɗaya a ciki. To, da me ƙwayoyin ke rayuwa? Da ruwan gaɓa, ruwan nan mai yauƙi da ya zubo da muka buɗe ƙafar ragon. In mutum ya taka, guringuntsi ya matse, ruwa ya fita da datti. In ya ɗaga ƙafa, sabon ruwa ya shiga da abinci. Saboda haka gwiwar da aka daina motsawa yunwa take sha. Babu kuma jijiyar jin zafi a cikinsa, shi ya sa yake iya yin shekaru yana zaizayewa mai shi bai sani ba. Ranar da ciwo ya fito, daga ƙashin da ke ƙarƙashi yake zuwa, ko daga tantanin da ke kewaye da gaɓar.

Me ya sa ba ya warkewa da kansa

Kowane maɗori ya san cewa karaya, in an ɗora ta daidai, cikin makonni take kamawa. Jini ne ke yin wannan aikin. Yana taruwa a wurin, ya daskare, ya kawo ƙwayoyin da za su gina sabon ƙashi. Guringuntsi ba shi da wannan gatan. Tun a 1743 wani likita ɗan Sikotland, William Hunter, ya rubuta wa masana a Landan cewa in ya lalace ba ya dawowa.

An samu hujja mai ban mamaki a kan maganarsa a 2016. Tsakanin 1955 da 1963 manyan ƙasashe sun yi ta gwajin bom na nukiliya a sararin sama, galibi Amurka da Tarayyar Sobiyet, har da huɗu da Faransa ta tayar a Reggane, cikin saharar Aljeriya, a 1960 da 1961. Gwaje-gwajen sun ƙara wani nau'in sinadarin kabon a iska. Ya shiga tsirrai, ya shiga abinci, ya shiga jikin kowa, sannan ya riƙa raguwa shekara-shekara bayan an daina. Don haka in aka auna shi a wani sashe na jiki, ana iya gane lokacin da aka gina sashen. Da masu bincike a Denmak suka auna shi a guringuntsin gwiwar manya, sai suka tarar kolajin ɗin na zamanin ƙuruciyarsu ne. Jiki ya gama saƙa shi kafin mutum ya kai shekara 20, bai kuma ƙara saƙa wani abin kirki ba, ko a gwiwa mai lafiya ko a mai ciwo. Dattijo ɗan shekara 70 da guringuntsin samartakarsa yake zuwa kasuwa.

Dabarar farko: a kawo jini

Tunda rashin jini ne matsalar, likitoci suka ce to a kawo shi. A 1959 Kenneth Pridie, a Bristol ta Ingila, ya bayyana yadda yake huda ƙashin da ke ƙarƙashin ramin guringuntsi don jini da ɓargo su ɓulɓulo su cike wurin. A shekarun 1980 Richard Steadman, a Amurka, ya gyara dabarar, yana yin ƙananan huji da tsinken ƙarfe ta ƴar ƙofa, yana kallo da siririyar kyamara. Aiki ɗaya ne, kuma ba shi da tsada sosai. Sai dai abin da ke tsirowa a ramin tabo ne. Kolajin ɗinsa wani iri ne daban, bai kai na asali jure nauyi ba, kuma a manyan ramuka yakan fara sarewa bayan ƴan shekaru. Wani likita a Hangari, László Hangody, ya fito da wata hanya a farkon shekarun 1990: a ciro ƴan dunƙule na ƙashi da guringuntsinsu daga gefen gwiwar da ba ya ɗaukar nauyi sosai, a dasa a ramin. Tana aiki, amma abin da za a iya cira a gwiwa ɗaya kaɗan ne.

Dabara ta biyu: a reni ƙwayoyin a waje

A Gotenbog ta ƙasar Suwidin, likita Lars Peterson da abokan aikinsa suka bi wata hanya. In ƙwayoyin kaɗan ne kuma a kulle suke, a fito da su mana, a ciyar da su har su yi yawa, a mayar. Sun yi wa mutum na farko a 1987. A 1994, tare da Mats Brittberg, suka buga sakamakon mutum 23. Daga cikin 16 da raminsu ke kan ƙashin cinya, 14 sun samu sauƙi sosai bayan shekara biyu. Daga cikin 7 da raminsu ke bayan ƙoƙon gwiwa, 2 ne kawai.

Ga yadda aikin yake. A tiyata ta farko likita yana yanko ɗan guringuntsi mai lafiya, miligiram 200 zuwa 300, ya aika ɗakin gwaji. Can ake zuba masa wani sinadari da ke narkar da saƙar ya bar ƙwayoyin. A sa su cikin ruwa mai abinci, a ajiye a akwati mai ɗumin jikin mutum, digiri 37, dare da rana. Kowace ta rabu biyu, biyun su rabu huɗu, cikin makonni su kai miliyoyi. Wutar akwatin ba ta ɗaukewa, ƙura ba ta shiga ɗakin, domin ƙwayar cuta ɗaya in ta faɗa ruwan ta ishe shi lalacewa. A tiyata ta biyu likita yana gyara bakin ramin. Peterson yakan ciro tantanin da ke lulluɓe ƙashin ƙwauri ya ɗinke a kan ramin, ya ɗura ƙwayoyin a ƙarƙashi. Tunda na mai gwiwar ne, jikinsa ba ya ƙin su.

Hanyar tana da matsaloli. Ƙwayoyin na iya zurarewa ta bakin ɗinki, tantanin kuma wani lokaci yakan yi kauri fiye da kima har sai an sake shiga an aske shi. Amma matsalar da ta fi ɗaukar hankali ita ce ta halin ƙwayoyin kansu. A jiki, ƙwayar guringuntsi dunƙulalliya ce, saƙa na kewaye da ita ta kowane ɓangare. In aka baza ta a ƙasan faranti, sai ta baje, ta yi ta haihuwa, amma ta bar sana'arta, ta koma yin kolajin irin na tabo. A 1982 masu bincike biyu a Amurka, Paul Benya da Joy Shaffer, suka nuna da ƙwayoyin zomo cewa in aka mayar da su cikin wani abu mai kauri da zai riƙe su ta ko'ina, sai su sake dunƙulewa su koma yin kolajin na asali. Ashe yawan ƙwayoyi kawai bai isa ba. Sai an ba su mazaunin da ya dace, an kuma ba su alamar abin da ake so su zama, ta sinadarai da ta matsi da motsi.

Haɗa waɗannan uku, ƙwayoyi da mazauni da alama, shi ne ilimin renon sassan jiki. Robert Langer da Joseph Vacanti, masana biyu a yankin Boston, su suka shimfiɗa manufarsa a wani rubutu na 1993. Wasunku wataƙila sun taɓa ganin hoton ɓera da kunnen mutum a bayansa yana yawo a wayoyi. Hoton gaskiya ne, na 1997, sai dai kunnen ba na mutum ba ne. Ƙwayoyin guringuntsin saniya ne aka shuka a kan wani abu da aka ƙera da siffar kunne, aka sa a ƙarƙashin fatar ɓeran.

Yau abin da aka fi yi shi ne a shuka ƙwayoyin a kan wata siririyar shimfiɗa ta kolajin, likita ya yanka ta daidai ramin, ya manna da gam na musamman da ake yi daga sinadaran jini. A hankali shimfiɗar ta narke, ƙwayoyin su saƙa nasu. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan, mai suna MACI, a Disamban 2016. Akwai abin da ya kamata musulmi ya sani a nan: shimfiɗar MACI daga jikin alade ake yin ta. A wani taron malamai da likitoci a Kuwait a 1995 an yi fatawa cewa abin da aka sarrafa har ya sauya daga asalinsa, kamar jelatin, ya halatta, wasu malaman kuma ba su tafi a kan haka ba. Haƙƙin majinyaci ne ya tambayi likita da me aka yi abin da za a sa masa, ya kai maganar gaban malaminsa. Akwai kuma waɗanda ba sa bukatar shimfiɗar dabba. Spherox, wanda Tarayyar Turai ta amince da shi a 2017, ƙwayoyin mutum ne kawai ake bari su cure da kansu su zama ƴan ƙananan ƙwallaye, a jera su a ramin.

A Basel ta Suwizaland, ƙungiyar Ivan Martin ta koma hanci. Guringuntsin da ya raba ƙofofin hanci biyu ƙwayoyinsa sun fi na gwiwa saurin yaɗuwa, kuma tsufa bai cika rage musu ƙarfi ba. Suna cire ɗan yanki mai faɗin milimita 6, su rena shi wata guda, su samu faci mai milimita 30 da 40. A 2016 suka buga sakamakon mutum 10 na farko da aka sa wa a gwiwa.

Shin reno ya fi huda ƙashi? A wani gwaji na mutum 144 a Turai, duk masu ramin da ya kai murabba'in santimita 3 ko fiye, MACI ya fi rage ciwo bayan shekara 2 da bayan shekara 5. A wani gwaji na mutum 80 a Norwe, wanda aka yi da tsohuwar hanyar Peterson, ba a ga bambanci ba har bayan shekara 15. Abin da mai hankali zai ɗauka shi ne, ƙaramin rami huda ƙashi ta ishe shi, babba ne ke bukatar reno.

Wa wannan zai amfana

Salkar da ƙaya ta huda wuri ɗaya ana yi mata faci, domin fatar da ke kewaye da hujin tana da ƙarfin riƙe ɗinki. Wadda ta ruɓe ko'ina ba ta da inda faci zai kama. Haka gwiwa take. Renon guringuntsi na mai rami ɗaya ne, mai iyaka, a gwiwar da sauran sassanta ke lafiya: saurayin da ya faɗi da babur a hanyar Tanut, ɗan kokawar da aka murɗe wa ƙafa, ɗan ƙwallo, ko wanda ya zame a ramin zinariya a Jado. Dole jijiyoyin gwiwar su kasance da ƙarfi, ƙafar kuma a miƙe. In gwame ce, ko ta lanƙwashe waje, sai an gyara ƙashin tukuna, in ba haka ba nauyi zai sake cinye wurin. Hukumar da ke tantance magunguna a Ingila ta sa irin waɗannan sharuɗɗa a 2017: ramin ya fi murabba'in santimita 2, kuma sanyin ƙashi bai riga ya kama gwiwar ba.

Yawancin masu kukan gwiwa a garinmu ba su cikin wannan rukuni. Iyayenmu mata da ke cewa "gwiwar nan ta ƙi", waɗanda sujada da zaman tahiya suka fara yi wa wuya, galibi sanyin ƙashi ne ke damunsu. Guringuntsin ya sirance ko'ina, ƙashin ya yi kauri ya fitar da tsiro a gefe, tantanin gaɓar yana kumbura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 528 ne ke da wannan ciwo a 2019, miliyan 365 a gwiwa, kuma kashi 60 cikin 100 mata ne. In ya kai maƙura, aikin da aka tabbatar shi ne a sa gwiwar ƙarfe da roba, kamar yadda ake yi a manyan asibitocin ƙashi irin na Dala a Kano.

Renon kansa ba aikin da ake yi a asibitin Aderbissinat ko na Agadas ba ne. A Amurka kuɗinsa dubun-dubatar dalar Amurka ne, wato miliyoyin sefa masu yawa. Bayan tiyata akwai kimanin mako shida a kan sanduna, da kusan shekara guda kafin a koma aiki mai nauyi. Makiyayi ya lissafa wa zai bi masa dabbobi a wannan shekarar. Saboda haka in wani dillali ya ce a sayar da raƙuma a kai tsohuwa ƙasar waje a yi mata allurar ƙwayoyin halitta, guringuntsinta zai dawo sabo, a riƙe raƙuman. Babu allurar da aka tabbatar tana mayar da guringuntsin da sanyin ƙashi ya cinye, kuma a 2019 ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka ta ba da shawara mai ƙarfi cewa kada a yi ta.

Abin da ke hannunmu

Gwiwar da ta kumbura, ta yi zafi in an taɓa, ga zazzaɓi, mai ita ba ya iya lanƙwasa ta, a kai shi asibiti a ranar. Kada a jira ranar kasuwa. Ruwan mugunya a cikin gaɓa yana iya cinye guringuntsi cikin ƴan kwanaki, ga shi in majon asibitin Aderbissinat ya tura ku Agadas akwai tafiyar kimanin kilomita 160 a gaba. Kada a yi sakiya ko tsaga a kan gaɓa, domin ƙarfe yana iya buɗe wa ƙwayar cuta ƙofa ta shiga inda jini ba ya isa ya yaƙe ta.

Makiyaya sun san bakkale, ciwon da ke sa shanu ɓari da kumburin gwiwa. Yana kama mutum ta ɗanyen nono da ta taɓa mahaifar dabbar da ta yi ɓari da hannu tsirara, ya zo da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare, da ciwon gaɓɓai. A tafasa nono. Mai irin waɗannan alamu ya faɗa wa likita cewa yana hulɗa da dabbobi, domin maganinsa iri biyu ne ake haɗawa, na mako shida ko fiye.

Ƙwayoyin magani na kan tebur kuwa, deksa tana kwantar da ciwo yau, amma yawan shanta yana raunana ƙashi, yana tayar da sukari da hawan jini. Matan da ke shan ta don ƙiba suna ɗora wa gwiwa kaya biyu, domin wani bincike na 2005 a Amurka ya nuna duk kilo 1 da mutum ya rage yana sauke wa gwiwa kimanin kilo 4 a kowane taku. Ko allurar dangin deksa da likita ke yi a cikin gwiwa tana da iyaka: a wani gwaji na mutum 140 da aka buga a 2017, waɗanda aka riƙa yi wa ita duk wata uku har shekara biyu sun fi rasa guringuntsi, ciwon kuma bai fi raguwa ba. Diklofenak yana taɓa ciki da ƙoda, musamman ga mai yini a rana da ƙishirwa. Tiramol kuwa kun san abin da yake mayar da samari.

Abin da ya fi taimako ba ya cin ko dala. A zauna a kujera, a miƙe ƙafa, a ƙirga goma, a sauke a hankali, sau goma safe da yamma, domin naman cinya mai ƙarfi yana rage wa gwiwa jijjiga. A ci gaba da tafiya gwargwadon hali. Mai riƙe sanda ya riƙe ta a hannun da ke ɓangaren ƙafa mai lafiya. Jarkar ruwa a ɗora wa jaki, ko a raba ta biyu. Wanda sujada ta gagare shi, shari'a ta ba shi damar yin salla a zaune. Matashin da gwiwarsa ke maƙalewa ko tana sakinsa bayan faɗuwa ya nemi takardar zuwa wurin likitan ƙashi ko da hoton radiyo ya fito lafiya, domin radiyo ƙashi take nunawa, guringuntsi sai da na'urar IRM ta manyan asibitoci.

Tambayoyi da aiki

1. Me ya sa karaya ke warkewa cikin makonni, amma ramin guringuntsi ba ya cikewa?
2. Ta yaya abinci ke isa ga ƙwayoyin guringuntsi? Me hakan ke nufi ga wanda ya kwanta wata guda ba ya motsa ƙafa?
3. Me ke faruwa da ƙwayar guringuntsi in aka baza ta a faranti, kuma yaya aka magance hakan?
4. Lissafi: wata mata ta rage kilo 5. Kilo nawa ta sauke wa gwiwarta a kowane taku?
5. Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama ƙanen da ke son sayar da dabbobi a kai inna allurar ƙwayoyin halitta, ɗaya ya zama yayan da zai amsa masa da abin da ke cikin wannan darasi.
6. Kowa ya rubuta jimla uku a kan aikin da ya fi wahalar da gwiwarsa a yini, da yadda zai iya sauya shi.